Babi na Bakwai: Khalifa Isyaku Rabi'u, Daga Allo Zuwa Masaƙa

Ranar Talata, 8 ga Mayun 2018, labari ya iso Kano cewa Allah Ya karɓi ran Khalifa Isyaku Rabi'u a wani asibiti da ke Landan. Aka dawo da shi gida, aka yi masa sallah ranar Juma'a a masallacinsa na Goron Dutse. Limamin Kaulaha, Shehu Tijjani Aliyu Sise, shi ya ja sallar. Jaridu suka cika shafukansu da sunayen gwamnoni da sarakuna da attajiran da suka halarta. Sauran jama'ar da suka toshe hanyoyin unguwar, wato alarammomi da gardawa da 'yan zikiri da ƙananan 'yan kasuwa, sai aka dunƙule su wuri guda aka ce dubban mutane. Su ne kuwa suka fi kowa sanin abin da aka rasa.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya kawo attajiri cikin littafin da ke magana a kan masu hidimar matasa? Ai ba ma'aikacin ofishin jin daɗin jama'a ba ne, bai taɓa riƙe fayil ɗin wani kangararren yaro ba, ba a kuma san shi da ƙungiyar da ke shirya taron ƙara wa juna sani a otal ba. Duk haka ne. Sai dai kafin a kafa waɗannan ofisoshi, Kano tana da mutum biyu da take danƙa wa yaro: malamin da zai ba shi karatu, da maigidan da zai koya masa nema. Da wuya a sami wanda ya haɗa biyun a jikinsa, ya kuma riƙe su har tsufa. Isyaku Rabi'u ya haɗa, abin da ya sa ya shigo nan ke nan.

An haife shi a shekarun 1920, a gidan Shehu Muhammadu Rabi'u Ɗantinki, malamin Alƙur'ani da asalinsa ya fito daga ƙasar Bichi. Daga 1936 zuwa 1942 a gaban mahaifinsa ya yi karatu. Sannan aka tura shi Maiduguri, ya shekara huɗu. Wanda bai san tsangaya ba zai ɗauka tafiya ce kawai ta ƙarin ilimi, amma a wurin mahaddata zuwa Gabas shi ne tankaɗe da rairaya. Barno ce ke da tilawa da rubutu, can ake gane wanda haddarsa ta zauna da wanda take rawa. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya riƙa wanke allo yana sake rubutu har ya sauke. Daga nan ne aikin yake somawa: ya zama gardi, ya yi ta maimaici dare da rana a kiskadi, nesa da hayaniyar gari, har ya kai ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba tare da ya duba ba. Wanda ya kai nan ne ake kira alaramma, sama da shi akwai gwani. Horo ne na yunwa da sanyi da tashin asuba, kuma duk wanda ya bi ta cikinsa ya san ƙimar loma ɗaya a wurin yaron da ke nesa da uwarsa.

Ya dawo Kano, zuwa 1949 ya zama malami mai zaman kansa, yana koyar da Alƙur'ani da Larabci. Cikin masu ɗaukar karatu a wurinsa har da Ibrahim Musa Gashash, wanda ya yi suna a kasuwanci da siyasar Jihar Arewa. A 1952, yana kan koyarwar, ya kafa kamfanin Isyaku Rabiu & Sons. Kayan da ya fara sayarwa sun isa su gaya maka su wane ne masu cinikinsa: keken ɗinki, keken hawa, da littattafan addini, yana wakiltar kamfanin UAC. Keken ɗinki shi ne jarin gardin da ya gaji da ɗinkin hula da hannu. Keken hawa shi ne abin da ke kai malami ɗaurin aure da suna a ƙauyukan kewaye, ya kai ɗan koli kasuwa. Mutanen da ya taso a cikinsu yake sayar wa abin da zai tsayar da su da ƙafafunsu.

Ba baƙon abu ba ne a Kano malami ya yi ciniki. Malaman Salga da almajiransu sun daɗe cikin 'yan kasuwa, kuma bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a ƙasa mai tsarki a 1937, Faila, wato tafarkin ɗariƙar Shehun, ta bazu a tsakanin fatake da teloli da masu shaguna, zawiyoyi suka zama masauki da wurin samun amintaccen abokin hulɗa daga Kano har Kumasi. Abin da ya bambanta Isyaku shi ne bai tsaya a kanti ba. Da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1950, ya shiga sahun dilolinta na farko, ya zama babbansu a Arewa. A 1970 ya buɗe kamfanin akwatuna. A 1972, shekarar da gwamnatin Gowon ta fitar da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, ya kafa masaƙar Bagauda, mai saƙa yadin kayan sarki da na ma'aikata. Mai sayar da yadin wasu ya koma mai saƙa nasa.

A nan sai mun ɗan tsaya mu dubi inda wannan ya faru, don matashin yau da ke wucewa ta Bompai cikin adaidaita sahu ba zai gane abin da wurin yake a da ba. Bompai ce ta fari a unguwannin masana'antun Kano. Tun zamanin Turawa aka keɓe ta, kuma gyaɗa ce ta fara raya ta, da injinan matsar mai irin na Nigerian Oil Mills da P.S. Mandrides, waɗanda Kwarori da sauran baƙi suka kafa. Daga baya aka sami kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills a titin Mai Malari, da masu haɗa keken Raleigh, da masaƙu, da majemu, da masu alewa da kwanon sha da turare. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, Bompai ta cika, aka yanka Sharada kashi-kashi, aka kuma buɗe Challawa a ƙasar Kumbotso, ta wajen Panshekara. Unguwanni irin su Dakata da Gama da Tudun Murtala da Kawaji, da Ja'en da Sheka a ɗaya ɓangaren, da albashin waɗannan kamfanoni suka tashi.

Su wa ke tsaye a gaban injinan? Wani Ba'amurke mai nazarin zaman jama'a, Paul Lubeck, ya zauna da ma'aikatan kamfanonin Kano a farkon shekarun 1970, littafinsa ya fito a 1986. Abin da ya gano ba zai ba Bakano mamaki ba, amma gara da aka rubuta shi: da yawa daga cikin leburorin nan almajirai ne a da. Karatu ko cin rani ne ya kawo su birni, suka yi ga-ruwa, suka yi dako da yankan farce, sannan wani ɗan garinsu ko ɗan'uwansu a ɗariƙa ya yi musu hanya wurin heluma. Ba su da takardar boko, amma suna da abin da tsangaya ta ba su: tashi da wuri, juriya, da iya zama kan abu ɗaya awa da awanni ba tare da hankali ya gushe ba. Mai lura da zare a injin saƙa ba ya buƙatar fiye da haka a ranar farko.

Kada a ɗauka aljanna ce. Albashin kaɗan ne, ƙurar auduga tana cin ƙirji, warin majema yana bin mutum har gida, ruwan dattin Bompai ya kashe Getsi da Jakara, na Sharada da Challawa ya gurɓata Salanta da kogin Challawa. Lokacin sallah kansa sai da aka yi ja-in-ja da wasu masu kamfani kafin a ba da shi. A 1971 ma'aikatan Kano sun yi yajin aiki don a biya su ƙarin albashin da kwamitin Adebo ya ba da shawara. Duk da haka, ƙofar kamfani ta yi wa gardi abin da ba wata hukuma da ta taɓa yi masa. Tana ba shi kuɗi a ranar da ya sani, sai ya iya shiga adashi. Daga adashi ya kama ɗaki, ya sayi keke, ya haɗa lefe, ya aika gida a nema masa aure. Cikin 'yan shekaru wanda ke kwana a zauren malam ya zama magidanci mai cefane, ana sallama da shi a ƙofar gida. Wannan sauyi daga gardi zuwa magidanci shi ne ainihin aikin kula da matasa, sauran duk ƙari ne. Kuma a ganina babu wanda ya fahimci haka a cikin masu kamfanonin wancan zamani kamar mutumin da shi da kansa ya yi zaman tsangaya.

Sai batun gida. A al'adar kasuwancin Kano, gida da kanti ba su rabuwa. Maigida yana da 'ya'yan cikinsa, yana da yaran gida, kuma da safe duk wuri ɗaya suke nufa. Yaro yana farawa da shara da aike, a gwada shi da ƙaramin kuɗi, a tura shi karɓo bashi, a ga ko zai dawo da canji daidai. In ya yi shekaru ba a same shi da ha'inci ba, maigida ne zai yi masa aure, ya ba shi jari ko ya tsaya masa a ba shi kaya bashi, ya koma cin gashin kansa amma bai daina zuwa gaisuwa ba. Har gobe haka ake yi a Kantin Kwari da Singa da Kurmi. Tsarin yana da aibinsa, don babu takarda, kuma yaron da ya faɗa hannun mugun maigida sai ya tsufa yana aike. Amma inda aka dace, ba makarantar koyon sana'ar da ta kai shi.

Isyaku Rabi'u da 'ya'yansa ya gina nasa. Ya sa su a sunan kamfanin tun 1952, shekara takwas kafin a haifi Abdussamad, wanda duniya ta fi sani a cikinsu. Ya kuma waiwayi baya kamar yadda ya dubi gaba, don masallacin da ya gina a Goron Dutse sunan mahaifinsa yake ɗauke da shi. Ranar da aka gwada wannan gini ta zo a 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta tsare shi bisa zargin da ya shafi cinikin shinkafa, a zamanin da aka tsare 'yan siyasa da 'yan kasuwa da yawa. Kusancinsa da jam'iyyar NPN ba ɓoyayye ba ne, kuma masu tarihi suna da 'yancin su yi ta muhawara a kan yadda attajiran wancan lokaci suka amfana da lasisin shigo da kaya. Abin da ya shafe mu shi ne abin da ya faru da gidan. Dukiya nawa ce a Kano ta watse cikin shekara guda da kwanciyar mai ita? Wannan ba ta watse ba. Abdussamad, yana ɗan shekara 24, ya dawo daga karatu a jihar Ohayo ta Amurka ya tarar da harkokin a cikin mawuyacin hali, ya riƙe su. A 1988 ya kafa BUA. Wani ɗan, Rabi'u, shi ya kafa kamfanin jiragen sama na IRS. Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mun sha ganin 'ya'yan barewa suna rarrafe a wannan gari. Inda suka yi gudu, an zauna an koya musu ne.

Da 'ya'yan suka ɗauki nauyin kasuwa, sai uban ya ƙara komawa inda ya fito. Aka san shi da laƙabin Khadimul Ƙur'ani, aka naɗa shi Khalifan Shehu Ibrahim Inyass a Najeriya, matsayin da Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya taɓa riƙewa. Ya kashe dukiya wajen gina masallatai da makarantu da hidimar mahaddata. A daidai lokacin da ake kallon alaramma a matsayin mutumin da zamani ya bari a baya, ga wani daga cikinsu shugabannin ƙasa suna zuwa gaishe shi. Yaron da ke riƙe da allo a Fagge ko Ƙoƙi ya ga cewa hanyar da yake kai tana iya ɓullewa wani wuri. Wannan ma hidima ce, ko da ba a iya auna ta da ƙididdiga.

Amma shekarun da girmansa ke ƙaruwa su ne shekarun da ƙofar kamfani ke rufewa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsadar da ba a saba ba. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kowane kamfani ya koma kan janareto yana ƙona man gas, alhali mai kamfani a Legas yana kusa da tashar jiragen ruwa, daga baya ma aka ja masa bututun iskar gas. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Zuwa 2005, da aka kawo ƙarshen yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin tufafi a duniya, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, wata ta hanya, wata ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano da Maraɗi. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL a 2007. A Kano masaƙar Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi ta rufe, Bagauda ma ba ta tsira ba. Gine-gine da yawa a Bompai da Sharada suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su, inda 'yan dako da mai gadi suka maye gurbin masu aikin safe da na rana da na dare. A 2015 har marina sai da suka yi tattaki zuwa fadar Sarki suna kukan an kashe musu sana'a.

Yaran ba su daina zuwa ba. Motoci suna ci gaba da sauke su a tashoshi da allo da ɗan buhu, waɗanda aka haifa a birnin ma sun ninka. Abin da ya ɓace shi ne matakin da ke bin karatu. Kano ta riga ta ɗanɗani abin da taron samari marasa madafa ke iya zama tun a Disambar 1980, lokacin rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, inda aka rasa rayuka fiye da 4,000, kuma a lokacin injinan suna aiki. Bayan sun tsaya, acaɓa ya ɗauki wasu, har aka hana shi a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Adaidaita sahu ya ɗauki wasu. Saura suka faɗa daba da bangar siyasa da ƙwacen waya da shaye-shaye. Mako guda kafin rasuwar Khalifa, ranar 1 ga Mayun 2018, gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da wani fim da ya nuna samarin Kano ɗaure da mari a wani gidan gyaran hali.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin, ba za a hana ta ba. Akwai gidan ajiye yara masu laifi a Goron Dutsen nan dai, akwai cibiyar gyaran hali ta Kiru, akwai Hisba da aka yi wa doka a 2003, da shirin A Daidaita Sahu na zamanin Malam Ibrahim Shekarau. A cikin waɗannan wurare akwai ma'aikatan da ke aiki da zuciya ɗaya a kan albashin da bai kai ya kawo ba, suna sasanta uba da ɗa, suna bin yaro har gida. Allah Ya saka musu. Sai dai ka tambayi kowane daga cikinsu, zai gaya maka inda gizo ke saƙar: an gyara yaro wata shida, ya daina sha, ya koyi ɗan ɗinki ko walda, an sallame shi. Ina za shi ranar Litinin da safe? In amsar ita ce dandalin da aka ɗauko shi, to za a sake ganinsa.

Kada kuma a ce da zarar an sami kamfani an gama. Challawa da Sharada ba su mutu ba. Akwai majemun da ke fitar da fata zuwa Turai, akwai masu roba da takalma da lemo da taliya, akwai injinan casar shinkafa da suka yawaita bayan rufe iyakoki a 2019, akwai irin su Dala Foods da suka jure duk wannan guguwa. Amma yawancin samarin da ke shiga yanzu ta hannun ɗan kwangila suke shiga, a biya su kullum ko mako-mako, ba takardar ɗauka, ba asibiti, kuma mai kamfanin bai san sunan ko ɗaya ba. A Yunin 2020 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata fiye da 100 waɗanda suka ce an hana su fita kusan wata uku a lokacin kullen korona. Ga aiki, ga albashi, amma babu maigida. Wanda aka rufe a haka ba zai fito magidanci ba.

Yau akwai asibitin yara a titin Gidan Zu da ke ɗauke da sunan Khalifa Isyaku Rabi'u. Akwai jami'a mai sunansa a Kano, wadda ta sami lasisi a 2022, ta cika burin da ya rasu da shi. Abdussamad ya kafa gidauniyar ASR Africa a 2021 da alkawarin dala miliyan 100 duk shekara don ilimi da lafiya da raya al'umma. Duk abin a yaba ne. Sai dai manyan masana'antun BUA, simintin Sakkwato da na Okpella a jihar Edo, da matatun sukari na Legas da Fatakwal, ba a Kano suke ba. Ba na ganin laifin kowa a nan, don siminti yana bin dutsensa, sukari yana bin tashar ruwa, kuma jari ba ya zama inda babu wuta. Amma gaskiya ce da ya kamata Kanawa su faɗa wa kansu: gidan da ya fi kowane nuna yadda ake ɗaukar ɗan tsangaya a kai shi gaban inji, yanzu mafi yawan injinansa a wasu garuruwa suke juyawa.

An ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, a ƙarshen Yunin 2020, kuma masu kamfanoni a Bompai da Sharada da Challawa sun ɗora buri a kansa. Kirana ga attajiran Kano da 'ya'yansu, musamman waɗanda suka tsaya a sahun gaba a Goron Dutse ranar waccan Juma'a, shi ne kada su jira sai gas ya wadata kafin su fara. Kowane mai kamfani ya je tsangayar da ta fi kusa da ƙofarsa, ya zauna da alaramma, ya karɓi gardawan da suka sauke, ya ɗauke su da takarda da sunansu ba ta hannun ɗan kwangila ba, ya ba su lokacin sallah da na tilawa, ya kuma san ranar da kowannensu zai yi aure. Allah Ya ji ƙan Khalifa, Ya sa Alƙur'ani ya cece shi.